Taya Mai Tauraro

Ranar wata Asabar ce a farkon watan Yuni, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a wata rumfar tayoyin gwanjo da ke bayan Kasuwar Jalingo. Mu uku ne a wurin: ni, da yayana, da mai rumfar. Yayana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Jalingo da Lau da wata tsohuwar mota tasa, wadda da ita yake ciyar da gidansa. Damina ta kankama, tayoyinsa na gaba sun suɗe, hanyar kuwa in ta sha ruwa taɓo ce da santsi. Ni rakiya kawai na yi, don ranar ba ni da aiki a gidan rediyo.

Mai rumfar ya mirgino taya biyu. Zanensu mai zurfi ne, cike da ƙananan tsage-tsage, robar kuma tana da laushi, in ka danna farce sai ta lotsa. Ya lashi yatsa ya goge gefen ɗaya, sai wata alama ta fito: hoton dutse mai kai uku, da wani abu mai rassa a cikinsa.

Ya ce, "Oga, wannan shi ne mai tauraro. Ka ga dutse? Don hanyan dutse aka yi shi. Dutsen Mambila ma zai hau, balle Lau."

Na durƙusa na duba. Na san alamar, domin na daɗe ina fassara labaran ƙasashen waje, ina ganin ta a taswirar yanayi duk lokacin hunturunsu. Na ce wannan ba tauraro ba ne, hoton dusar ƙanƙara ne.

Mai rumfar ya ce, "Dusa? Na awaki ko na kaji?"

Suka kwashe da dariya. Na jira suka gama, sannan na yi bayani. Taya ce ta ƙasashen sanyi. An yi robarta da laushi don kada ta sandare a kan ƙanƙara. A can ma da zafi ya shigo cire ta suke yi, in ta tsufa kuma a loda a jirgi a turo mana. A ruwa za ta kama ƙasa, ban musa ba. Amma kwaltarmu ta watan Maris ba za ta bar ta ba. Na ce gara ya sayi sabuwa, ko da ba mai suna ba ce, wadda aka yi don ruwa da zafi duka.

Yayana ya ce, "To, mun ji labaran duniya. Malam, ka taɓa tura mota a taɓo? Kai da kake zaune a ɗaki mai sanyi kana karanta abin da aka rubuta maka."

Na ce, "Yaya, in zafi ya zo, za ta fashe maka a hanya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "A'uzubillahi. Tofar da yawun nan."

A gidanmu haka ake yi: in mummunar magana ta suɓuce wa mutum, sai ya tofar, a ce ta bi iska. Ban tofar ba. A ganina ba fata na yi ba, bayani na yi. Ya juya ya ce a ɗaura masa tayoyin.

Duk daminar nan tayoyin ba su ba shi kunya ba. Inda wasu motoci ke maƙalewa shi wucewa yake yi. In ya biyo ta ƙofar gidana sai ya danna oda ya leƙo ya ce, "Malam, dusarka tana gaishe ka!"

A watan Maris, da azahar, yana dawowa daga Lau da mota cike da mutane da buhunan busasshen kifi, tayar gaba ta dama ta fashe kafin ya kai garin Kona. Motar ta bar titi ta daki bakin kwalbati. Ba a rasa rai ba. Wata fasinja ta karye a hannu, shi kuma ƙashin kafaɗarsa ya tsage. Na je wurin da yamma. Saman tayar ya saɓule daga jikinta ya naɗe a gefen hanya. Ba zan rantse cewa zafi kaɗai ne ya yi hakan ba. Tayar tsohuwa ce, lodin ma ya yi yawa.

Da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi a asibiti, na ce, "Sannu, Yaya." Ya mayar da fuskarsa bango. Mahaifiyarmu tana zaune a kan tabarma, ba ta amsa gaisuwata ba sai da na maimaita.

Ta ce, "An ce ya ce ka tofar, ka ƙi."

Na ce, "Inna, taya ce ta ƙasar sanyi."

Ta ce, "Ni ban san ƙasar sanyi ba. Na san ɗan'uwanka ne, ka buɗe baki ka kira masa abu, abin kuma ya zo."

Duk masu zuwa dubiya wannan labarin suka ji, shi suka tafi da shi. Ban ji wanda ya ambaci mai rumfar ba. Da na bi ta bayan kasuwa daga baya, na tarar direbobi suna tambayar mai tauraro da sunanta, har sai an yi musu alkawarin kaya na gaba.

Makanikai sun ce ƙashin motar ya lanƙwashe, gyara ba zai yiwu ba. Aka sayar da ita ga masu gwangwan. Yanzu yayana yana tashar Lau yana yi wa wasu direbobi lodi, kuma tun daga lokacin bai sake taka gidana ba.