Baƙon da Mushe Garba Ya Ƙi Tayarwa

Ina buro, wato ofis, a Maradi Hamisu mai gyaran babur ya kira ni daga Cadawa, ya ce Mushe Garba ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na ajiye wayar, abin da ya fara zo mini shi ne mun rabu ba mu gama gardama ba.

Mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, ya koyar da mu a lakol, wato makaranta, kuma shi ya kawo darar Turawa garinmu, wadda yake kira eshek. Bayan ya bar aiki sai ya kafa majalisa a ƙofar gidansa: allo ɗaya, benci biyu. Dokar kuwa ta dararmu ta gida ce. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna har a tayar da shi. Bai taɓa sassauta wa kowa ba, har kansa.

Bara Hamisu ya zo da waya mai manhajar eshek. Mushe ya ce baƙo ne, a ba shi wuri. Aka jingina ta da buta a kan benci, Hamisu na matsa mata 'ya'ya. Ta ci Mushe, ya tashi. Ta ci kowa. Washegari ya ce wanda ya ci jiya shi ke da benci. Daga ranar, mutum biyu ba su sake fuskantar juna a allon nan ba.

Na je takanas na yi masa bayani. Ana auna ƙarfin 'yan wasa da maki, gwargwadon wanda suka ci da wanda ya ci su. Waɗannan manhajoji sun zarce zakaran duniya da tazara mai nisa, har a tsakaninsu ake haɗa su domin a san makinsu. Na ce babu mai tayar da ita, ko a Cadawa ko a wata ƙasa.

Ya ce, "Laminu, wanga makin, wa ya gani? A zo gabana a ci ni, shi na sani."

Na ce ai ta ci shi. Ya ce to shi ya sa take zaune. Na ce a rage mata ƙarfi, akwai wurin yin haka. Ya dube ni kamar na zagi wani.

"In ɗaure wa baƙona hannu, sannan in ce na kada shi?"

Haushin da na ji ranar bai gama sauka ba. Mutane suka gaji da layin shan kaye. Ardo Bello, da ke tsayawa ranar kasuwa, ya ce bai baro shanunsa don ya yi wasa da abin da ba ya jin tsiya ba. Majalisar da Mushe ya yi shekaru yana tarawa ta koma shi da Hamisu. Ya san haka, yana damunsa, amma bai janye ba.

Ranar sadakar uku matarsa, Inna Rabi, ta sa aka kira ni da Hamisu zaure. Ta ce da ciwo ya tsananta ya bar mana saƙo: baƙon nan nasa ne, shi ya saukar da shi, kuma baƙo ba ya zama bayan mai masauki.

Da la'asar Hamisu ya sa wayarsa aljihu. Ardo ya zauna benci ɗaya, na zauna ɗayan. Ya ci ni, ya yi mini tsiya son ransa, na tashi na ba na baya wuri.

Allah Ya jiƙan Mushe Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce masaukinsa. Allah Ya ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙurin rashi, Ya albarkaci abin da ya bari. Amin.