Gunkin Takarda a Kogon Kukar Baba Nomau

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na koma ƙauye don in rushe gunkin da na gina da hannuna ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kuna cewa na cika masifa idan an tashi daga wurin ɗaukar fim aka bar ko da ƙusa ɗaya. To ku gyara zama ku ji inda masifar ta samo asali.

A lokacin ni ne mai shirya wuri a wani kamfanin fim a Kano. Ga wanda bai sani ba, mai shirya wuri shi ne yake karanta labari, ya fita ya nemo inda ya dace, ya nemi izinin dagaci da na mai fili, sannan ya ƙawata wurin yadda darakta yake so. Sama da ni akwai darakta, sama da shi kuma akwai mai kuɗin fim, wanda duk muke kira Alhaji. Labarin da aka ba ni na aljanu da matsafa ne, ana son dutse da tsohuwar bishiya mai kwarjini. Na sha yawo a kan babur tsakanin Dawakin Tofa da Ɗanbatta kafin in dace da wani ɗan ƙauye na manoma, yawancinsu Kirista. Bayan garin akwai dutse mai daɗin hawa, daga samansa kana hango gonaki iya ganinka. A gindinsa kuma ga wata ƙatuwar kuka mai kogo.

Mai gonar wani tsoho ne, Baba Nomau, ɗaya daga cikin dattawan cocin garin. Da rani ne, gona tana hutawa, don haka bai ja maganar ba. Sai da na ce za mu kafa gunki a kogon kukar ne ya ɗago ya dube ni.

"Na mene ne gunkin?" ya tambaye ni.

"Na takarda ne, Baba. Mun gama mu kwashe."

"To wasan yara ne ke nan. Ku yi aikinku, ɗana."

Na gina shi da waya da takardar buhun siminti da sitati, na shafe shi da ruwan siminti, na ɗora masa ƙahon sa da jan ƙyalle. Ba yabon kai ba, ya yi kyau, ko in ce ya yi muni yadda ake so. Ranar da muka gama aiki na zo zan ɗauke shi, Alhaji ya ce a bar shi, akwai kashi na biyu, kuma motar kaya ta cika. Kogo ne, ruwa ba ya taɓa shi. Muka tafi.

Fim ya fita a intanet, ya karɓu. Ba a daɗe ba samari da 'yan matan birni masu fita hawan duwatsu a ƙarshen mako suka gano wurin. Sai su cika bas su je, su hau dutsen, su sauko su ɗauki hoto da gunkina. Alhaji yana nuna mana hotunan a waya yana dariya, wai talla ce ta kyauta. Ni ma har kaina ya ɗan kumbura.

Tsakiyar damina, wata Juma'a da yamma, wayata ta yi ƙara. 'Yar Baba Nomau ce, Laraba, wadda ta riƙa dafa mana abinci lokacin aiki. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Malam Sani, abin da kuka bari zai kashe mana tsoho."

Ta faɗa mini abin da ban sani ba, don ban tambaya ba. Ashe a wannan kogon ne mahaifin Baba Nomau ya riƙe tsafin garin a zamanin da. Baba Nomau tun yana saurayi ya bar wannan hanya, shi da kansa ya kwashe kayan tsafin ya zubar, ya sha zagi a wurin danginsa. Yanzu ba masu hoto kaɗai ke zuwa ba. An fara tarar da ƙwai da goro a gaban gunkin, har da gashin kaza da jini. Maganar da ke yawo a gari ita ce tsoho ya farfaɗo da gadon ubansa, yana ci da shi. Sauran dattawan coci sun yanke cewa kafin Lahadi ko dai a sare kukar, ko ya sauka daga kujerarsa. Ya zaɓi a sare, an kira masu gatari gobe da hantsi. Laraba ta ce tun daga ranar bai sa komai a bakinsa ba, don da ganyen wannan kuka uwarta marigayiya ta raine su duka.

Ina kashe wayar na tashi. Na nufi ofis na sami Alhaji, na zayyana masa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in je in cire shi."

"Wane irin cirewa? Mutane saboda shi suke zuwa. Rigimar ƙauye ce, za ta wuce."

"Alhaji, na yi wa tsohon nan alkawari za mu kwashe."

"Kai ka yi, ba ni ba. Ka taɓa gunkin nan, ka nemi wani wurin aikin."

Ina da mata da yara, kuma aikin fim ba kullum ake samu ba. Amma da gari ya waye sai na tsinci kaina a tashar motar Ɗanbatta, da filaya da wuƙa a jaka.

Ban taɓa tafiyar da ta yi mini tsawo kamar wannan ba. Mota ta ƙi cika da wuri. Da muka isa Ɗanbatta an yi ruwa, ɗan acaɓa ya kai ni rabin hanya ya ce taɓo ya fi ƙarfinsa. Na tuɓe takalmi na kama burtali da ƙafa. Wurin da na sani fili fetal da rani, yanzu gero da dawa sun fi ni tsawo, ba na hango komai sai kan dutsen. Ina tafe ina kasa kunne, duk ƙarar da na ji sai in ce gatari ne. Abin da kawai nake lallashin kaina da shi shi ne, da zarar na farke gunkin suka ga takarda ce, magana ta ƙare.

Na tarar kukar tana tsaye. Masu gatari biyu suna wasa ƙarfensu a kan dutse. Dattawa suna zaune a kan benci tare da Fasto, Baba Nomau kuma yana gefe shi kaɗai a ƙasa, ya rame har na kusa kasa gane shi. Can gefe ga bas ɗin 'yan birni, sun sauko daga dutse suna kallo. Na durƙusa na gaida dattawa, na roƙi a dakata. Na shiga kogon na jawo gunkin, na sa wuƙa na farke cikinsa, na zaro takardar buhu na ɗaga sama.

"Ku duba, iyayena. Takarda ce da waya. Ni na yi shi."

Fasto ya dube ni, ba da faɗa ba.

"Malam Sani, mun san takarda ce. 'Ya'yanmu ne suka ɗebo maka ruwan da ka dama sitati. Na uban Baba Nomau ma ai dutse ne da tukunya. Ba abin da aka yi shi da shi ne damuwarmu ba. Mutane suna zuwa gonarsa suna durƙusawa, shi kuma bai ce komai ba."

Dabara ɗaya na zo da ita, ga shi ta tashi a banza. Ɗaya daga masu gatarin ya miƙe ya tofa yawu a tafin hannunsa.

Sai ga wata mata ta fito daga cikin dawa, ba ta cikin 'yan bas ɗin. Matashiya ce, da mayafi, ta rungume baƙar kaza. Da ta ga taro ta tsaya, ta ga gunki a farke a ƙasa, ta fashe da kuka. Baba Nomau ya dogara sandarsa ya tashi ya nufe ta.

"'Yata, me kika zo nema?"

Da ƙyar ta ce haihuwa. Cikinta ba ya zama, an ce mata akwai wurin a nan.

Tsohon ya nuna kogon da sandarsa. "Na gaske ya zauna a nan, ba wannan ba. Ubana ne mai shi, ni nake riƙe masa kaza yana yankawa. Uwata ta haifi 'ya'ya da yawa, ni kaɗai na rayu. Ga su can a kwance bayan dutsen nan, in kina so in kai ki ki gani. Da yana bayarwa, da gidanmu ya fara bai wa." Ya sauke sandar ya dube ta. "Ki mayar da kazarki gida. Ki je asibiti, ki roƙi Allah. Laraba, ba ta ruwa ta sha."

'Yan birni ma suka sauke wayoyinsu. Laraba ta gaya mini daga baya cewa ita ma ba ta taɓa jin ya ambaci waɗannan yara ba. Wani tsoho a kan benci, sa'an Baba Nomau, ya share ido da gefen riga ya ce ya tuna, shi ma yana nan aka binne na ƙarshe. Ya juya ga masu gatari ya ce su tafi, a ba su na ruwa. Fasto ya matsa a kan benci ya buɗe wuri.

"Baba, tashi daga ƙasa ka zo ka zauna."

Na ƙone gunkin a bakin burtali, na tsaya har ya zama toka, na naɗe wayar da na gina shi da ita na sa a jaka. Alhaji ya cika maganarsa, bai sake kirana ba, na yi watanni ina zaman jiran aiki kafin Allah ya kawo wannan kamfanin.

Abin da na koya shi ne, mu 'yan fim muna zuwa wuri mu tambayi na wane ne, ba ma tambayar me aka taɓa yi a nan. Mu namu wasa ne, mu naɗe kaya mu tafi, masu wurin su kwana da abin da muka bari. Shi ya sa duk inda na je yanzu sai na zauna da tsofaffi tukuna, kuma ni ne na ƙarshen shiga mota.

Duk kaka Laraba tana aiko mini da garin kuka a leda. Matata ta san ba a kyauta da shi, a gidana ake miyarsa har ya ƙare.