Dokin da Ban Ci Ba

Sana'ata wasan ces, darar Turawa. Da ita nake ci, da ita na yi aure, amma a Ƙaura Namoda har gobe ana tambayata yaushe zan nemi aiki. Mutum ɗaya ne bai taɓa tambaya ba: kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban motar Shinkafi da Zurmi, gwanin dara a tasha. Na koya masa tafiyar 'ya'yan ces, doki kaɗai ya burge shi.

A tasharmu ba a dara shiru. 'Yan kallo sun fi masu wasa baki, wani ma hannu zai sa ya tura maka ɗa. A ces kuwa ko tari ka yi sai an harare ka, kuma wanda aka faɗa wa abin da zai buga, sunansa mai maguɗi har ya mutu.

Wata shekara na kai wasan ƙarshe a Abuja. Wanda ya ci za a tura shi gasar ƙasashen waje, hanyar zama giranmasta ke nan, matakin da babu na sama da shi. Kawu ya bar lodi ya kai ni da kansa. Tun daga Gusau nake roƙonsa: "Kawu, don Allah, can ba a magana."

Ya ce, "Yo yaro ka ɗauke ni?"

Wasa ya yi nisa, abokin karawata ya yi sake da dokinsa. Na auna, na sake aunawa, babu tarko. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji muryar Kawu daga cikin 'yan kallo: "Kai, ci dokin ga!"

Innalillahi! Aka tasa ƙeyarsa waje. Alƙalin wasa ya ce ba laifina ba ne, in ci gaba. To amma kowa ya ji. In na ci dokin na ci wasan, sannan duk inda na zauna a ce faɗa mini aka yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na janye hannu, na tura wani ɗa can gefe. Aka cinye ni, kuma ban sake kai wannan matsayi ba.

A hanyar gida, da muka wuce Zariya, Kawu ya tambaye ni:

"Ɗana, mi ya hana ka cin dokin?"

Na ce, "Akwai tarko a bayansa, Kawu."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Wallahi na ɗauka ni na kashe ka."

Har ya rasu haka ya sani.