Kunnen da Moro Ya Ara Mini

In ka shigo Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kana neman Masta Moro, ba sai an yi maka kwatance ba. Tsaya kawai ka kasa kunne. Duk ƙarar guduma da injin walda da ke wurin nan, muryarsa ce za ta fara iso maka, yana tsokanar wani ko yana yi wa wani dariya, kuma sau tari wanin nan ni ne, Mutaru.

Taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Azaratu mai koko ta Asawase, ƙanwar babana ce, don haka tun muna yawo ba wando muke wasa: shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Gajere ne kakkaura, ga sanƙo har ƙeya. Rowa kuwa sai dai a yi shiru. Mutumin da ke gyara motocin da gudunsu ke ba direba tsoro, amma har gobe a trotro, motar haya ta talakawa, yake zuwa aiki, da abincinsa a kula don kada ya sayi na titi. Ya aurar da 'ya'yansa mata, ya binne ɗansa namiji tilo, washegarin sadakar uku ya buɗe rumfa ya ce zaman gida zai kashe shi. Matarsa Mamuna ta ce ko a barci gardama yake yi da wani.

Rumfarsa na jikin tawa, kuma sana'armu ɗaya: gyaran kan inji. Manyan motocin nan 'yan Amurka masu silinda takwas, waɗanda bogaye, 'yan uwanmu da suka dawo daga waje, suke shigowa da su, in suka fara ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji, wurinmu ake kawo su. Aikin na kunne ne. Ka ɗora bakin doguwar sukundireba a murfin bawul, ka manna ƙotar a kunne, ka bi silinda ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar da ta ɓace in inji ya yi zafi, wataƙila lifta ce, ɗan ƙarfen nan mai ɗaga bawul, take jiran baƙin mai ya hau, ko gaskit ɗin manifol, wato mahaɗar bututun hayaƙi, da ke hura iska. Wadda ta ƙi tafiya, tana bin totur sama da ƙasa, ita ce abin tsoro. In ka yi kuskure, ko dai ka sa mutum ya buɗe inji a banza, ko ka sallame shi ya je ƙarfe ya ci ƙarfe a hanyar Accra. Shekara da shekaru muna ƙwace wa juna kwastoma, ni da Moro, kowa na cewa kunnensa ya fi.

Sai tayar tifa ta fashe a rumfar mai faci ina tsugune a gefenta. Allah ya tsare, ban ji ciwo a jiki ba, amma kunnena na dama ya zubar da jini, na hagu kuma ya koma kamar an toshe shi da auduga. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, na ciki dai da sauran rai, in yi haƙuri in ga abin da Allah zai yi. Ina jin magana in an ɗaga murya, ko in ina kallon bakin mai yi. Amma ƙas-ƙas ɗin bawul, abin da nake ci da iyalina da shi, ya tafi.

Wanda bai san Magazin ba ba zai gane tsoron da na ji ba. A nan labari ya fi mota gudu. Da an ce mai sauraron inji ya kurmance, shi ke nan, sai dai ya koma juyen baƙin mai da wanke fulogi, yaran da ya yaye su riƙa gaishe shi da tausayi. Ni kuwa ga 'ya'ya a makaranta, ga tsohuwa a gida. Ban da matata Basiratu, ban gaya wa kowa ba.

Motar farko da aka kawo bayan na dawo aiki, na ɗora sukundireba na manna kunne. Shiru, sai wani guuu mai nisa. Na canza kunne. Haka. Mai motar na tsaye a kaina, gumi ya jiƙa mini riga tun hantsi bai yi ba. Can sai ga Moro ya shigo wai aron sifana, shi da sifanunsa sun fi nawa yawa. Ya tsaya ya karkata kai kaɗan, sannan ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Kurma na sauraron inji!"

Na ce yau asirina ya tonu, kuma a bakin ɗan uwana. Sai na ga kowa na dariya, masu walda, mai sayar da lemo, har mai motar. Ai taubashi ne! Mutumin da ya sha kirana makaho, gurgu, ɓarawon akuya, wa zai ɗauki maganarsa da gaske? Moro ya daki murfin bawul na hagu, can wajen baya, da tafin hannu.

"Ko jaririn da aka haifa jiya ya san liftar nan ce ta kwanta," ya faɗa da ƙarfi yana kallon idona. "Amma bawana sai ya yi ta yanga don a ce yana aiki."

Na ce, "Wa ya kasa da kai? Ɗauki sifanar ka ba ni wuri." Da na buɗe murfin, liftar ce, daidai inda ya ɗora hannu.

Daga baya na tambayi Basiratu ko ita ta kai wa Mamuna labari. Ta rantse ba ta yi ba. Mamuna ce ta gaya mata yadda aka yi: wai ranar da na dawo Moro ya yi ta zagina daga baya ban rama ba, ya koma gida ya kasa cin tuwo, yana cewa abin da zai hana Mutaru ramuwa ba ƙarami ba ne.

Haka muka yi watanni. Da ya ji an tayar da babban inji a rumfata, sai ya ajiye nasa aikin ya taho da wani dalili, yau aron sabulu, gobe wai na zubo masa baƙin mai a ƙofa. Ya zage ni tas a gaban mutane, ya jefa amsar a cikin zagin, ya tafi. Nasa kwastomomin suna zaune suna jira, wasu har su yi fushi su tafi. Kuma ku tuna, da ya yi shiru kawai, ba sai ya faɗi komai ba, duk motocin nan rumfarsa za su koma. Bai taɓa tsayawa ni da shi ya ce ya sani ba, ni ma ban taɓa cewa komai ba. Wallahi wata rana nakan ji haushinsa, don ba daɗi ka zama namiji kana cin abinci da kunnen wani. Amma in na ga 'ya'yana sun saɓa jaka da safe, sai in yi masa addu'a a zuci.

Sai ga labari wai babbar 'yarsa da mijinta sun biya masa Makka. Duk layinmu aka yi ta murna, ana cewa marowaci ya sami na banza. Ni ma na yi dariya, na ce a bincike shi a filin jirgi kada ya tafi da kularsa. Amma a zuci ina ta tunanin yadda zan yi, don na san zai fi wata ba ya nan.

Ana saura 'yan kwanaki maniyyata su tashi, wani boga mai suna Sherif ya kawo wata baƙar mota, ya bar makulli ya ce zai je Oforikrom ya dawo. Moro ya shigo, wannan karon ba ihu. Ya tayar da injin da kansa, ya ja ni bayan bonet inda ba mai ganinmu. A hannunsa akwai tsohuwar sukundireba mai ƙotar katako, ya wanke ta fes. Ya juyo da fuskata saitin tasa.

"Mutaru," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Buɗe baki ka ciji nan."

"Ka haukace ne? Ni karenka ne?"

"Ciji, don Allah. Kafin in zo Magazin ai ka san na yi aikin injin niƙa. Tsohon da na yi wa aiki ƙarar niƙa ta cinye masa kunne, amma in yana son sanin ko inji ya canza murya sai ya ɗora sanda a jikinsa ya ciza. Na ɗauka hauka ce, sai kwanan nan abin ya faɗo mini. Ban sani ba ko zai yi maka. Gwada."

Na ciji ƙotar da turamen haƙorana, ya ɗora bakin a murfin bawul.

La ilaha illallahu! Injin gaba ɗaya ya shigo cikin kaina. Ba ta kunne ba, ta muƙamuƙi, ta ƙashi. Ga su nan, ƙas-ƙas-ƙas, kowane bawul da muryarsa, tsaf kamar ana tsince shinkafa a faranti. Hawaye ya zubo mini, yawu na bin ƙota, ni ko a jikina. Na karɓe sukundirebar daga hannunsa na fara bi da kaina, silinda bayan silinda, har na iso ɗaya a dama da bugunta ya fi na sauran nauyi. Na yi masa alama ya ƙara totur. Bugun ya bi shi, kuma a bayan kowane bugu akwai wata 'yar gurza siririya.

Na zare ƙotar. Moro ya nuna wurin ya ce, "Lifta."

"Ba ita kaɗai ba," na ce. "'Yar tayar da ke ƙasanta ta daina juyawa, tana cin kamshaf, sandar da take gudu a kai. Kada a sake tayar da motar nan."

Ya harare ni, ya manna nasa kunnen ya daɗe, ya ce shi bai ji wata gurza ba. Muka kashe inji, muka kwance filtar mai muka yanka ta. Da muka baza takardar cikinta a rana, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli.

Moro ya kalli takardar. Sannan ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire hula ya share sanƙonsa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya da ban taɓa gani a wurinsa ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Da ma abin da ke damuna ke nan, kada in tsaya gaban Ka'aba hankalina na rumfarka."

Na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce, "Na gode, ɗan uwana. Allah ya biya ka." Bai mayar da wasa ba. Ya ce amin, ya tashi ya koma wurin mutanen da ke jiransa.

Da Sherif ya dawo, ni kaɗai na tsaya gabansa na gaya masa abin da ke damun motarsa.