Subhanallahi a Ɗakin Tiyata

Ban cika shekara talatin da uku ba aka tura ni wani ƙaramin asibiti a yankin Kabo, aka ce ni ne likitan tiyata, ni ne kuma shugaban ɗakin tiyatar. Gidanmu a Gwarzo yake, don haka kowa a wurin ya san ɗan wane ne ni. Baba ne limamin masallacin unguwarmu, yana kuma karantarwa a zaure. Na je da takardata da hannuna mai sauri, ga kuma zuciya a kusa. Ita zuciyar ba a gida na gaje ta ba. A asibitin koyarwa na kwaso ta, inda muka ga manyan likitoci na wurgi da almakashi in an miƙo wanda ba shi suka nema ba, muka ɗauka shugabanci ke nan.

Idan muka buɗe cikin mutum, akwai fararen ƙyallaye da muke cusawa don tsane jini. Da sun jiƙe sai su saje da nama, ido ba ya rabewa. Shi ya sa ake ƙirga su kafin a fara aiki, a kuma sake ƙirgawa kafin a ɗinke. A wurinmu wadda ke tsince su daga bokiti, ta shimfiɗa su biyar-biyar a kan leda, wata dattijuwa ce da muke kira Inna. Ba nas ba ce. Wankin kayan aiki da sharar ɗaki aka ɗauke ta yi, kuma ta girmi mahaifiyata. Ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ta kuma fi kowa shiru.

A watana na biyar aka kawo wata mata daga Gude, naƙuda ta gagara. Na yi mata aiki na ciro ɗanta namiji, lafiya lau. Ranar ana zafi, janareto sai shaƙewa yake yi, ni kuma tun daga yanka har ɗinki faɗa nake yi. Bayan mako uku aka dawo da ita a bayan mota, ciki ya kumbura, jiki kamar wuta. Da na sake buɗewa, sai ga ƙyalle ɗaya da na bari a ciki. Ta rayu, amma mahaifar ta riga ta lalace, dole muka cire ta. Haihuwarta ta fari ke nan, kuma ta ƙarshe. Na kira mijinta na gaya masa gaskiya, ina jiran ya zage ni. Sai ya ce, "Likita, ƙaddara ce. Allah ya saka maka." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tara ma'aikata na zazzage musu. Wa ya ƙirga? Babbar nas, wadda muke kira Hajiya, ta sunkuyar da kai. Malamin da ke yin allurar barci ya zuba wa bango ido. Sai da aka watse Inna ta same ni a ofis, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Likita, ranar na ga ɗaya bai fito ba."

"Kin gani? Me ya hana ki faɗa?"

"Kana cikin faɗa. Ga Hajiya, ga Malam, ba wanda ya tanka. Ni wace ce da zan tsayar da likita?"

Na so in daka mata tsawa, sai na tuna tsawar ce ta kai mu nan. Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya mini a rai, kada a sake ɗinke wani da ƙyalle a cikinsa alhali akwai mai gani a ɗakin.

Ba a jima ba aka kira mu bita a Kano, ta matasan likitoci da ma'aikatan lafiya da aka ɗora wa shugabanci tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Na ƙaru, ba zan ɓoye ba. An koya mana cewa shugaba shi ne wanda ƙaramin ma'aikaci zai iya tsayarwa, an kuma ba mu takardar abubuwan da za a duba kafin yanka da kafin ɗinki. Na dawo na manna ta a bango, na yi jawabi mai daɗi. Na ce duk wanda ya ga kuskure ya faɗa, ko nawa ne.

"To, Likita."

"Akwai tambaya?"

"Babu, Likita."

Sai na gwada su. An kawo wani manomi mai ƙaba a gefen dama, tun ba a taɓa shi ba na ɗaga murya da gangan na ce a goge gefen hagu. Hajiya ta yi tari sau biyu, ta juyo da katin mutumin inda idona zai faɗa a kai. Iyakar ƙoƙarinsu ke nan. Mutanen kirki ne, an dai raine su a kan cewa ba a gyara wa babba a gaban jama'a, ni kuma na zo da takarda ina so in kankare tarbiyyar shekara hamsin.

Ranar Asabar na je gida. Muka bi Baba La'asar, ina sahun farko a bayansa daidai. Da aka gama raka'a ta huɗu, maimakon ya zauna tahiya sai ya miƙe. Na sani sarai ta biyar zai shiga. Kalmar ta zo bakina ta maƙale. Mahaifina ne, a gaban ɗalibansa, ni da ko sunansa ba na iya faɗa. Har na fara ɗaga gwiwa zan bi shi. Can daga sahun baya wani mai facin taya na bakin titi ya ce, "Subhanallahi!" Baba ya koma ya zauna, ya yi tahiya, ya sallame, muka yi ba'adi, wato sujada biyu ta gyaran ƙari. Da ya juyo, sai ya nemi mai facin da ido, ya yi masa addu'a a gaban kowa.

A zaure ya tambaye ni, "Kai ba ka lura ba ne?"

"Na lura, Baba."

"To?"

"Nauyi na ji."

"Nauyina ka ji, ka bar ni in tafi da sallar mutane? Ai ba ka girmama ni ba." Ya gyara zama. "Ka san abin da ya sa ba a jin haushin tasbihi? Mamu ba ya cewa liman ka yi kuskure. Allah yake tsarkakewa, don Shi kaɗai ne ba Ya mantuwa. Sannan wanda ya tabbata an cika huɗu ba ya bin liman ya miƙe. Zamansa yake yi."

Kunya ta rufe ni. Ni da nake yi wa Inna kallon matsoraciya, ga shi an ɗora ni a inda take, ban yi abin da ya fi nata ba.

Ranar Litinin na tara su, na ba su labarin kaf, har da ɗaga gwiwata. Suka yi dariya, karo na farko da aka yi dariya a gabana a ɗakin nan. Na ce daga yau mu ma haka za mu yi. Ba sai ka ce likita ya yi kuskure ba. Ka ce Subhanallahi kawai, ni kuma na yi alkawarin abu biyu: hannuna zai tsaya, kuma ko ya zama ba komai, ba zan yi faɗa ba.

Hajiya ta ce, "Likita, ai mu mata a salla tafi aka ce mu yi."

Na ce, "Da safar hannu duk jini? Hajiya, ki rufa mana asiri, ki yi da baki."

Malam mai allurar barci ne ya fara gwadawa, wata rana da ya ga kamar jinin da ke zuba ya yi yawa. Muka duba, ba komai. Na ji haushi ya taso mini, don wanzami ba ya son jarfa. Na haɗiye, na ce, "Na gode, Malam." Na ga sauran sun kalli juna ta saman takunkumi. Daga nan kalmar ta fara fitowa, yau a bakin wannan, gobe a bakin wancan. Sau biyu an kama ni da gaske. Inna kuwa wata da watanni ba ta faɗe ta ba, tana dai jera ƙyallayenta.

Da damina malamina ya zo daga Kano ya taya mu manyan ayyukan da suka fi ƙarfina. Shi ya koya mini riƙe wuƙa, shi ne kuma mai wurgi da almakashin. Ko yanzu in ya kira ni a waya sai na miƙe tsaye. Aiki na uku ranar wata mata ce daga Durun, mai 'ya'ya huɗu, da ƙari a cikinta. Shi ke yi, ni ina taimaka masa. Aikin ya yi wuya, jini ya zuba sosai, muka yi ta cusa ƙyallaye. Da ƙarin ya fita ya leƙa ciki, ya shafa, ya ce, "Shi ke nan. A ba ni zare."

Sai na ji wata 'yar murya daga ƙasa, wajen ledar. "Subhanallahi."

Malamina ya ɗago. "Wa ke wazifa a nan?"

Allura da zaren suna hannuna, Hajiya ta riga ta miƙo mini in ba shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, haka muke yi a nan in ƙirga bai cika ba. Inna, nawa?"

"Saura ɗaya, Likita."

"Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki," in ji shi. "Na duba, babu komai a ciki. Matar nan ta daɗe a buɗe. Miƙo zare."

Gaskiyarsa ce cewa ta daɗe, kuma tsoro ya kama ni, irin wanda ya kama ni a bayan Baba. Na san in na miƙa zaren nan, Inna ba za ta ƙara buɗe baki ba har ta bar aiki, sauran ma haka. Na kuma tuna matar Gude a bayan mota. Na mayar da allurar kan faranti, na ɗora hannuna a kai.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa. Ba za a rufe ba sai ya fito."

Ya kalle ni kallon da na sani tun ina ɗalibi. Hajiya ta zazzage bokiti, Malam ya duba ƙarƙashin gado, babu. Malamina ya yi tsaki, ya sake tura hannu, wannan karon har can bayan hanta. Sai na ga kafaɗarsa ta tsaya. A hankali ya zaro shi, ja wur, a dunƙule kamar tsokar nama. Ya jefa a bokiti. Inna ta ɗauka ta warware, ta jera shi a gurbinsa, ta ce, "Ya cika."

Muka gama ɗinki. Da malamina ya cire safar hannu, sai ya taka har inda Inna take, mutumin da ban taɓa ganin ya gaida ƙaramin ma'aikaci ba, ya ɗan rusuna ya ce, "Inna, kin fi ni gani yau. Allah ya saka da alheri." Ta rufe fuska da gefen hijabi tana cewa ba komai, ba komai. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, na kasa ɓoye murmushi. A bakin motarsa ya ce mini, "Kai, taurin kan nan a ina ka samo shi?" Na ce a wurinsa. Ya yi dariya, ya ce zai kai wa ɗalibansa wannan tasbihi.

Matar Durun ta tafi gida da ƙafarta ran kwana na takwas, ba ta san abin da ya faru ba. Da na je Gwarzo na ba Baba labari, ya saurara har ƙarshe.

"Wa ya yi tasbihin?"

"Inna ce."

"Kai fa?"

"Ni zama na yi, Baba. Ban bi liman ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce to yanzu na fara karatu.

Da na koma aiki na tarar da Inna tana wanke kaya a famfo. Na sake yi mata godiya, na tambaye ta yadda aka yi ta iya, a gaban mutumin da ni kaina nake tsoro. Ba ta ɗago ba, tana ta cuɗa almakashi.

"Likita, ranar matar Gude ma na faɗa," in ji ta. "A zuci na faɗa. Kullum in na ga mai goyo sai na tuna da ita. Na ce wannan karon sai an ji."