Malam Yunusa, Mai Tambayar Waɗanda Suka Faɗi

Ina tsaye a rumfata a Kasuwar Muda Lawal da hantsi, ina warware wa wasu mata turamen atamfa, wayar Kabiru ta shigo. Kabiru shi ne babban ɗan Malam Yunusa, kuma ba mai kirana ba ne sai da dalili. Ya ce, "Alhaji, Malam ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi dilar atamfa na zauna a kai. Matan suka yi mini ta'aziyya, suka ɗan saurara, sannan ɗaya ta ce, "Allah ya ji ƙansa. To Alhaji, wannan mai ruwan goron za ta ishe mu duka kuwa?" Ankon bikin yaye ɗalibai suka zo saye, na wata makarantar kuɗi da ke unguwar manya. Babu abin da Malam ya raina a duniya kamar wannan anko, ga shi labarin rasuwarsa ya same ni ina riƙe da shi.

Malam Yunusa ne ya koya mini lissafi a firamare a Gwallaga. Ban yi nisa a boko ba, a tsakiyar sakandare na tsaya na bi mahaifina kasuwa, amma duk wanda ya ga ina buga lissafin yadi da ka, aikin Malam ya gani. Daga baya ya koma koyarwa a sakandare har ya yi ritaya, ya zauna a gidansa mai bishiyar darbejiya a ƙofa. A ƙarƙashin bishiyar nan iyaye suke samunsa duk lokacin da yara suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, aka zo batun inda za a kai su. Masu yara masu ƙoƙari su suka fi ruɗewa, domin makarantun da ba a shiga sai an ci jarrabawa rububin irin waɗannan yaran suke yi, kowace tana cewa karatunta ya fi tsauri.

Hanya ɗaya gare shi ta auna makaranta. Ba ya duban fenti, ba ya duban motar ɗaukar yara, ba ya tsayawa karanta allon da ake kafawa a bakin ƙofa da hotunan waɗanda suka yi zarra. Zai je da ƙafarsa, ya gaida shugaban makaranta, ya sha ruwan da aka ba shi, sannan ya ce, "Bara yara nawa kuka sa suka maimaita aji?" Idan aka amsa masa da fara'a cewa babu ko ɗaya, sai ya yi godiya ya miƙe. Yakan ce, "Idan kowa ya ci, to babu wanda aka gwada." Mu kuwa mutanen gari da wani ma'auni muke zaɓa. Ni mai sayar da yadi ne, na san shi ciki da waje. Uwa za ta je bikin yaye ɗaliban wata makaranta, ta ga anko, ta ga rumfuna da masu hoto, ta ga yara cikin dogayen riguna da hula mai tunku, ta dawo gida ta ce wa maigida ita dai can za a kai ɗanta. Ina sayar musu, ba na musu, sana'ata ce. Amma makarantar da ta fi kowace sayen anko a hannuna ban taɓa ganin ta aiko neman farin yadin da ake ɗinka rigar ɗakin gwaje-gwaje da shi ba.

Ba a ƙaunaci Malam a garin nan ba, kuma gara a faɗa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Wata shekara an tura shi sa ido a jarrabawar fita sakandare a wata makaranta. Ya shiga zauren ya tarar ana rubuta wa yara amsa a kan allo. Bai yi faɗa ba, bai kira kowa ba. Ya sa hannun rigarsa ya goge allon, ya jawo kujera ya zauna a gabansa har aka tashi. Yara da yawa suka faɗi a shekarar. Iyaye suka yo masa gayya har ƙofar gida, aka laƙaba masa Malam Baƙin-ciki, sunan ya bi shi har cikin masallaci, inda wasu suka daina miƙa masa hannu bayan sallama. Ba a daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, ya yi shekaru yana zirga-zirga a kan tsohon babur, abin da ya cinye masa gwiwoyi ke nan. Na taɓa ce masa, "Malam, da ka kau da kai na yini ɗaya, me zai ragu a jikinka?" Ya ce, "Ɗanlami, ni ban kayar da kowa ba. Na dai hana a goya su. Wanda aka goya ya ƙetare yau, gobe shi zai yi wa matarka allura."

Ranar jana'izarsa na ga mutanen nan a sahun gaba. Na san su ɗaya bayan ɗaya, a wurina suke yankan shaddar sallah. Wanda ya fara kiransa Baƙin-ciki shi ne ya fi kowa ɗaga murya yana cewa an yi rashin mutum mai gaskiya. Na dube shi, na dubi makara, na gyara tsayuwata a sahu. Gaskiyar Malam ba ta yi musu daɗi ba sai da suka tabbata ba za ta sake buɗe baki ba.

Abin da ya bari a tsaye kuwa shi ne maganar Bilkisu. Jikarsa ce, marainiya, mahaifinta ƙanin Kabiru ne da ya rasu tana goye, Malam da matarsa Inna Hajjo suka raine ta. Yarinya ce mai kai, ta gama aji uku bana, ta ci jarrabawar shiga wuri biyu. Ɗaya makarantar kimiyya ce ta kwana, ta gwamnati, can bayan gari. Ɗayar kuma ita ce makarantar kuɗin nan mai anko, wadda ta ce za ta ɗauke ta kyauta saboda ƙoƙarinta. Da yake gwiwoyin Malam sun daina ɗaukarsa, ni na kai shi duka biyun a motata, kafin ciwon ajali ya kwantar da shi.

A makarantar kuɗin an karɓe mu da lemo mai sanyi. Mai makarantar ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da muka buɗe ba a taɓa faɗuwa a nan ba." Ya zagaya da mu ɗakin gwaje-gwaje, kwalabe na ta ƙyalli a cikin kabad. Malam ya ce a buɗe ya gani, aka ce mai riƙe da makullin ya yi tafiya. A makarantar gwamnatin kuwa tagogi a farfashe, awaki na kiwo a filin ƙwallo, shugabar ta fito a gajiye. Da Malam ya yi mata tambayarsa, sai ta ɗauka ƙorafi ya kawo. Ta ce, "Da yawa, Baba, har iyaye sun kai ƙarata. Amma ba zan tura yarinya aji na gaba ba alhali ba ta iya na baya ba." Muna tsaye wasu 'yan mata suka fito daga ɗakin gwaje-gwaje da fararen riguna duk tabo, wata har da hujin ƙuna a aljihu. Ni da na san yadi, na san waɗannan sun sha aiki. A mota Malam ya ce, "Ban ce tana da kyau ba. Abincinsu ba na kirki ba ne, malamai ba su isa ba. Amma a nan idan Bilkisu ba ta iya ba, akwai mai gaya mata."

Da muka koma gida ya ƙwala mata kira irin na wasan kaka da jika. "Matata, fito, na zaɓa miki gidan wahala." Ta leƙo ta ce, "Tsoho, kishi kake kada a sa hotona a allo samari su gani." Ya ce, "In kika faɗi, sakin ki zan yi." Ta ce, "Ni zan riga ka, in je in auri likita." Ya ce, "Ja'ira, ki zama likitan mana, ki zo ki duba mini gwiwa." Ba ta samu duba gwiwar ba. Ya rasu saura 'yan makonni a koma makaranta, ba a kai ta ko'ina ba.

A zaman makoki mai makarantar kuɗin ya zo da buhunan shinkafa, ya zauna kusa da Kabiru, ya ce gurbin marainiya na nan, amana ce. Kabiru shi ne uba yanzu, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ka san halin Malam, ka kuma san abin da halin ya jawo mana. Can kusa da gida ne, kyauta ne, sakamako kuma tabbas ne. Jami'a takarda take tambaya, ba ta tambayar wa ya sha wahala. Marainiya ce, in ta faɗi wa zai tsaya mata?" Ni da nake sayar wa mutum yadin da bai yi niyyar saye ba, na kasa juya masa ra'ayi, domin a yadda ƙasar nan take tafiya maganarsa ba ƙarya ba ce. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. A cikin gida ma har an fara hirar irin ankon da za a fitar ranar da Bilkisu za ta gama.

Bayan sadakar bakwai Kabiru ya kawo ta rumfata sayen yadin kayan makaranta. Inna Hajjo tana takaba, ba ta fita, amma ta ce masa a bar yarinyar ta faɗa da bakinta. Ya nuna shuɗin yadin da makarantar kuɗin ke sawa, na sauko da shi na shimfiɗa. Bilkisu ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Baffa, farin nake so, na rigar gwaje-gwaje." Ya ce, "Ke, kin san abin da kike faɗa? In kin faɗi fa?" Ta ce, "Sai in maimaita." Ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Yanka mata," ya fita ba sallama. Na sa almakashi na yanka. Har yau Kabiru bai sake kirana ba, yana ganin ni na zuga ta. Ban zuga ta ba. Wanda ya zuga ta yana kwance a maƙabarta.

Ban san ko za ta ci ba. Mai yiwuwa ta fito da sakamakon da bai kai na waɗanda aka rubuta wa a allo ba, su shige jami'a su bar ta a bakin ƙofa, a ce ai ga abin da taurin kan Malam ya haifar. An kai ta dai makarantar gwamnatin makon jiya, da akwatinta da bokitinta da farar rigarta. Gindin darbejiyar nan yanzu babu kowa, iyaye sun huta da mai ɓata musu zaɓi, ni kuma anko sai ƙara fita yake yi.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Yunusa, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ranar tambaya ka sauƙaƙa masa tasa, ka sanya shi cikin waɗanda suka ci da rahamarka. Ka ba Inna Hajjo haƙuri, ka sanyaya zuciyar Kabiru, ka taimake shi a kan nauyin da ya hau kansa. Bilkisu kuwa, ya Ubangiji, ka tsaya mata, tun da mai tsaya mata ya tafi. In ta faɗi ka ba ta ƙarfin maimaitawa, in ta ci ka sa ya zama nata ne. Amin.