Konfarens ɗin 'Yata

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa manya a wani ofishin jakadanci a Manhattan, kuma in akwai kalmar Turancin da ta zauna mini a baki kamar sunan unguwarmu, to konfarens ce. Safe konfarens, yamma konfarens. In sauke oga a ƙofar bene da jakarsa da katinsa rataye a wuya, in koma neman inda zan lafe da mota kafin a liƙa mini takardar tara. A wurina konfarens taron masu ilimi ne, inda ake shan ruwan roba ana gyara duniya da fatar baki. Ban san tana da wata ma'ana ba sai da 'yata ta jefo mini ita a waya.

Ita ce babba cikin 'ya'yana huɗu. A unguwar Tremont, nan New York, aka haife ta, tsayinta kuwa na dangin uwarta ne, don ni da ƙyar nake kai kafaɗarta. Tun tana firamare take buga ƙwallon kwando a filin bayan gidanmu, ina cewa wasan yara ne, zai wuce. Bai wuce ba. Wata kwaleji can tsakiyar ƙasar, tafiyar yini guda cur a mota, ta ɗauke ta karatu kyauta saboda ƙwallon. Kyautar na karɓa hannu bibbiyu, ƙwallon ce na ƙi kallo. Da ɗankwalinta take wasa, da dogon wando ƙarƙashin gajeren, duk na sani, uwarta ta nuna mini hoto. Amma budurwa tana tsalle-tsalle a gaban dubban maza ba zancen da nake so a tayar mini a ƙofar masallaci ba ne. In an tambaye ni sai in ce tana jami'a, in ja bakina.

Makarantu uku suka neme ta. Ta zaɓi wannan duk da nisanta saboda cikin makarantun da suke karawa da su akwai biyu a nan kusa da mu, don haka kowace shekara ƙungiyarsu kan zo New York wasa sau biyu. Ɗaya filin ma jirgin ƙasa guda zan hau daga gida in sauka a ƙofarsa. Shekara biyu tana ajiye mini tikiti a wurin masu tsaron ƙofa, da sunana a bayan ambulan. Sau huɗu ke nan. Uwarta da ƙannenta ba su fasa ko ɗaya ba. Ni kullum akwai aiki, kuma ranar da babu sai na ƙirƙiro shi, na je na wanke motar da ba ta yi datti ba. Ina ce wa kaina ai akwai baɗi.

A ƙarshen shekara ta biyu ta kira ni ina zaune a mota ina jiran oga. Haka muke magana tun tana ƙarama, ni Hausa, ita Turanci, sai ta ɗan yayyafa Hausar a kai. Ta ce makarantarsu za ta canza konfarens, ta yi ta bayani a kan kamfanonin talabijin da jirgin sama da California. Muryarta a dushe take, amma ni kunnena ya riga ya tsaya a kalmar da na sani. Na ce Masha Allah, Allah ya ƙara ɗaukaka. Sai ta tambaye ni ko na gane abin da ta ce. Na ji haushi. Na ce tun kafin a yaye ta nake kai mutane konfarens, ba ita za ta koya mini ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na tsaya cikin 'yan'uwa a bakin titi na baza labari. 'Yata yanzu jami'a ke tura ta konfarens, yau California, gobe wata jihar, a jirgin sama. Aka yi ta sa albarka. Wani direban tasi mutumin Maradi ya ce ashe nan gaba ni zan riƙa tuƙa ta. Rabona da jin daɗin ambaton yarinyar nan a bainar jama'a tun ranar sunanta.

Kwana tara kuskuren ya yi yana kuskure. Matata ce ta warware mini tana yanka alayyafo, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce konfarens ɗin 'yan wasa ba taro ba ne, rukuni ne na makarantun da ke karawa da juna. Masu talabijin sun zuba kuɗi don wasan maza, shi ne shugabannin makarantar suka bar tsofaffin abokan karawarsu suka bi inda kuɗin yake, aka kwashi 'yan matan ma aka haɗa a ciki. Ma'anar duk wannan ita ce yarinyar ba za ta ƙara zuwa New York wasa ba. Abin da ta kira ta gaya mini ke nan, tana kuka, ni kuma na ce Masha Allah.

A gida na yi ta zage-zage. Na ce wasu ƙatti sun zauna a ɗakin sanyi sun raba 'ya'yan mutane kamar kayan gwanjo. Yarinya ta bar aji ta kwana a hanya, ta yi karatun jarrabawa a kan bencin filin jirgi, don kawai wani ya sayar da tallar mota tsakanin wasa da wasa. Har yau ina kan bakana, zalunci ne. Amma na san dalilin da muryata ta yi tsawo haka. Zaginsu ya fi mini sauƙi a kan in tuna sau huɗu ana buɗe mini ƙofa ina juya baya.

A waje kuwa ban gyara komai ba. Duk Juma'a sai wani ya ce yaya mai konfarens, in ce tana lafiya, jiya ma ta sauka a wata jiha. Wannan ba kuskure ba ne kuma, ƙarya ce, kuma na yi shekara da rabi ina shayar da ita.

Abin da ban lissafa ba shi ne talabijin ɗin da ya raba ta da New York shi zai dawo da ita. Sabon rukunin nasu tashar da kowa ke kamawa ke nuna shi. Wata Asabar bayan la'asar muna gidan abincin wata Hajiya mutuniyar Kumasi a unguwar Morrisania, mu wajen takwas, ina cin tuwo da miyar kuɓewa. Mijinta yana latsa rimot yana neman ƙwallon ƙafa, sai ya tsaya. Ga 'yata nan ta cika allo, da baƙin ɗankwalinta, tana shirin jefa ƙwallo, zufa na bin haɓarta. Ta jefa, ta shiga. Da ta juya, ga sunana ɓaro-ɓaro a bayan rigarta, sunan da ke kan lasisina.

Wani dattijo mutumin Zongon Kumasi da ke kusa da ni ya ajiye cokali. Su Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji.

"Alhaji, ba yarinyanka ke nan ba? Wallahi ya iya."

Ina da damar in ce ita ce. Kalma biyu. Tuwon na hannuna, na kalli allon, na ce, "Kama ce. Sunan ma da yawa a ƙasar nan."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini. Mijin Hajiya ya canza tasha a hankali, wani ya ɗauko zancen tsadar haya. Kara suka yi mini. Na wanke hannu na fita ban gama cin ba. Dattijon ya biyo ni har bakin mota, ya ce in yi haƙuri, shi bai yi nufin tona ni ba. Ya ce tun bara suke kallonta a shagon aski, jikokinsa mata har hotonta suka liƙa a ɗaki. Ashe duk mutanen da ke tambayata mai konfarens sun sani. Shekara guda suna riƙe mini ƙaryata don kada in faɗi da ita.

Maganar ta kai kunnen 'yata. Matata ta rantse ba ita ba ce, kuma na yarda, don 'yar Hajiya ƙawarta ce tun makarantar allo ta ranar Lahadi. Ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Takan kira ta gaishe ni, ta tambayi ciwon bayana, ta ce in ba Mama. Na sha ɗaukar waya da niyyar in ce na yi laifi, sai in ƙare da tambayar ko tana cin abinci.

Da shekarar ƙarshe ta zo gangara, matata ta gaya mini al'adar makarantar. A wasan ƙarshe na gida, kafin a fara, ana kiran duk mai gama karatu da sunanta, iyayenta su riƙo ta dama da hagu su tako da ita tsakiyar fili. Na je ofis na nemi hutun kwana uku, abin da ban taɓa yi don ita ba. Na kai babbar rigata wurin guga. Sai da na gama duk wannan na kira ta, don ina so ta ji cewa magana ta riga ta ƙare.

Na ce, "Uwata, zan zo. Ni da Mamanki za mu fito da ke."

 Da ta buɗe baki da Hausa ta yi magana, tsantsarta, a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta saba da ita ba. Ba faɗa a muryarta, kuma ba na jin gatse take yi.

"Baba, ka bari. Za a nuna a talabijin. Mutane za su gan ka."

Na ce ai shi ya sa. Ta ce ta riga ta ba da sunan Mama da na kawunta, an buga takarda, ba a canzawa. Ban sani ba ko gaskiya ne, ban kuma ga ina da bakin tambaya ba.

Ranar na kai su filin jirgi da kaina, uwarta da ƙanin uwarta, na dawo gida. Hutun nawa na nan, kwana uku, ba inda za ni. Na kunna tashar ni kaɗai a falo. Aka kira ta da sunanta da nawa, ta fito tana murmushi, kawunta riƙe da hannunta na dama, jama'a suka miƙe tsaye. Ni ma na miƙe.